Ɗakin Littattafan Yaya Bawa

Yayana Bawa takarda yake sayarwa. Ba ta rubutu ba, tsohuwar takarda, irin wadda masu ƙosai da masu tsire da masu gyaɗa ke ƙunshe kaya a ciki. Yana da tebur da sikeli a ƙarƙashin wata rumfa a kasuwar Gusau, ya haura shekara ashirin a wurin. Ni ce Talatu, ƙanwarsa ciki ɗaya, kuma ni ce babbar mai sayen kayansa, don ƙosai nake toyawa a bakin tasha tun mijina yana da rai. Leda ta zo ta cinye kasuwar su Yaya, amma mu da muka san aikinmu ba mu saki takarda ba. Ita ce ke shanye mai. Leda kuwa kafin mutum ya kai gida ta mayar masa da ƙosai kamar an jiƙa shi.

Mu 'yan Nahuce ne, can wajen Bungudu. Aji huɗu Yaya ya yi a firamare, Baba ya cire shi ya kai gona. Da ya girma ya shigo Gusau ya yi dako har bayansa ya gaza, sai ya koma bin makarantu da ofisoshi da gidajen tsofaffin ma'aikata yana sayen takardun da suka gaji da su. Ya kawo su rumfa, ya cire bango, ya yage, ya auna. Shekara goma sha biyar yana wannan aiki bai taɓa duba abin da ke jikin ko guda ɗaya ba. Mutum ne mai sanyi, irin sanyin nan da ke ƙular da ni. Sai ka yi masa magana goma kafin ya ba ka amsa ɗaya, ita ma rabi.

Ni na jawo komai, ba zan ɓoye ba. Wata safiya wani dattijo ya tsaya a kaina riƙe da guntuwar takarda duk mai, ya tsamo ta daga kwata. Ya ce, “Baiwar Allah, a wurinki aka sayi wannan?” Na ce a wurina ne. Ya nuna mini da yatsa: sunan Allah ne, har wuri uku a shafi ɗaya. Bai zage ni ba. Da ma zagina ya yi, da na san abin da zan ce masa. Cewa kawai ya yi in tuna akwai ranar da za a tambaye ni, ya naɗe takardar ya sa a aljihu ya wuce, mutane na kallo. Ranar ko rabin ƙulluna ban toya ba. Na kife kasko na nufi kasuwa, na wanke Yaya soso da sabulu a gaban maƙwabtansa.

Na ce, “Kai da ka yi aji huɗu, ka rasa idon duba abin da kake ba mutane? So kake ka kai ni wuta?”

Ya daɗe yana kallon sikelinsa, sannan ya ce, “To. Zan riƙa dubawa.”

Ikon Allah, sai ya ɗauki maganar da gaske fiye da yadda na faɗe ta. Tun daga ranar ba ya yaga takarda sai ya bi ta layi-layi da yatsa. Wadda ya ga sunan a jiki sai ya ware ta gefe. Nan matsala ta fara, don littafin Hausa ina za ka buɗe ka rasa sunan Allah? Mu da ko gaisuwa ba ma yi sai da shi. Wannan ta ce Allah ya kiyaye, wancan ya ce wallahi, a juya shafi a tarar da in Allah ya yarda. Duk littafin Hausa da ya faɗo hannunsa ya zama ba na yagawa ba. Na Turanci kaɗai yake tsinkawa, har wani malamin makaranta ya rubuta masa yadda suke rubuta sunan da nasu haruffan, guda uku. Shi ke nan, su ma ya shiga bin su da yatsa.

Da farko sunan kawai yake nema. Sai dai ido ba ya tsallake abin da ke gabansa. Yana neman suna sai ya tarar da wata yarinya a littafi ta tsaya a bakin rijiya tana jiran wani, shi kuma sai ya so ya san ko wanin ya zo. Na sha zuwa sayen takarda in tarar da masu tsire biyu tsaye suna huci, shi kuwa kansa na ƙasa yana motsa baki.

“Yaya, mutane na jira!”

“Bari in ga ƙarshen shafin nan.”

Tsoho da furfura, yana karanta labarin soyayya! Na yi masa dariya har na gaji. Abin da ya fi damunsa a lokacin shi ne irin littattafan nan kashi-kashi suke zuwa. Sai ya sami na ɗaya da na uku, babu na biyu. Ya taɓa yin wata huɗu yana tambayar duk wanda ya kawo masa kaya ko akwai na biyun wani labari a gidansu.

Daga labarai ya faɗa tarihi. Wani tsohon malami a Tsafe, Malam Isma'ila, shi ya sayar masa da buhu uku na irin waɗannan. Sai Yaya ya zo bakin kaskona ya tsuguna, ina fama da hayaƙi, ya ce, “Talatu, kin san garuruwan nan namu an sha tashi a bar su, a kuma dawo? Kin san akwai inda ganuwa take yanzu gona ce?” In ce masa ni abin da na sani shi ne mai ya yi tsada. Ko a jikinsa. Daga nan kuma ya tsinci ƙamus na Turanci da Hausa, babu bango, babu shafukan farko. Da shi ya riƙa kutsawa cikin manyan littattafan Turanci, kalma-kalma, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ya sami na koyon Larabci, da wani na Faransanci da ya fito daga Nijar, da wani ɗan siriri na koyon Fillanci. Ranar da ya gaida mai nono da Fillancin littafi, sai da matar ta sauke ƙwaryarta don dariya. Ta gyara masa, ya ciro biro ya rubuta gyaran a gefen shafi.

To, ina za a kai su? Shi ɗaki ɗaya yake haya, shi da matarsa da 'ya'ya biyar. Rumfar kasuwa kuwa in ruwa ya zo ta ko'ina yake shiga. Gidan da mijina ya bar mini a Tudun Wada ɗaki biyu ne: ɗaya nawa da 'yan matana biyu, ɗaya kusa da ƙofa inda marigayin ke ajiye kayan aikinsa. Yaya ya zo ya ce in ara masa wannan na wata biyu. Wata biyun nan shekara shida suka yi.

Ya jera bulo, ya ɗora katako a kai saboda gara, ya shafa wa ƙafafun baƙin mai. Labarai a bango ɗaya, tarihi a ɗaya, na harsuna kusa da taga. Matan unguwa suka gano wurin, suka riƙa aiko a karɓar musu na soyayya. Kullum ina mita, ina cewa ya mayar mini da gida juji. Amma gaskiya ɗaya ce: ranar Juma'a in ya sauko daga masallaci yakan biyo, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin ya karanta mana, ni ina surfen wake, yaran na tsefe kai. Ni ba na iya karatun boko. Abin da na sani na duniya bayan Gusau da Nahuce, a bakin ƙofar nan na ji shi. Ban taɓa gaya masa ina jin daɗi ba.

Bara, tsakiyar damina, autarmu Asiya ta iso. Tana aure a wani ƙauye kusa da 'Yankuzo, ta wajen Tsafe. 'Yan bindiga sun shiga ƙauyen da ke gaba da nasu, kowa ya watse. Mijinta Muktar ya sa su a mota, shi ya tsaya saboda gona. Ta shigo mini da 'ya'ya huɗu, da surukarta tsohuwa mai tari, da ƙullin kaya ɗaya da tukunya. Ƙaramin ko takalmi babu. Na rungume ta muka yi kuka, sannan na juya na dubi gidana. Mu uku, su shida. Mutum tara a ɗaki ɗaya, ga damina, ga ɗaki na biyu cike da takarda har kusa da rufi.

Da yamma Yaya ya zo yi musu barka da arziki. Ban ko bari ya zauna ba. Na ce, “Ka ga dai yadda muke. Ɗakin nan nake so.”

Ya dubi Asiya, ya dubi tsohuwar, ya ce, “Haƙƙinsu ne. Ki ba ni mako ɗaya in sama musu wuri.”

Musu! Littattafan yake nufi, kamar wasu marayu.

Na soyayya ba su ba shi wahala ba. Kwana biyu matan unguwa suka kwashe su tas, har da faɗa. Liman ya karɓi na addini da na koyon Larabci. Sai aka bar shi da tarihi, da na harsuna, da manyan na Turanci, kuma su ne suka fi yawa. Waɗannan babu mai so. Ya ɗauki buhu ɗaya ya tafi Bungudu, wata makaranta da ya san shugabanta. Mutumin ya zagaya da shi ya nuna masa: ajin da ke da ƙofa rufinsa na yoyo, wanda rufinsa ke da kyau ba shi da ƙofa, awaki ke kwana ciki. Ya ce ko da akwai wuri ma sai an kawo takarda daga ofis. Yaya ya dawo da buhunsa a ka.

Kashegari ya ce zai je Tsafe wurin Malam Isma'ila. Na ce, “Kana da hankali kuwa? Hanyar da ake ɗaukar mutane da rana tsaka? A kan takarda?” Ya ce da safe zai bi, tare da jerin motoci. Ranar ƙosaina ƙonewa ya riƙa yi. Duk motar da ta shigo tasha daga wajen Tsafe sai na miƙe. Ina zaginsa a zuciya, ina yi masa addu'a a baki. Sai bayan la'asar na hango shi ya sauko, buhu biyun da ya tafi da su suna nan yadda suke.

Na ce, “Ba ka same shi ba?”

Ya ce, “Na same shi. Gidansa ya fi naki cika, har zaure mutane ne. Cewa ya yi, Bawa, in ka san mai karɓar sauran nawa ma ka gaya mini.”

Mako ya cika, ɗaki bai koma rabi ba. Na ce to waɗanda ba su da sunan fa? Ai sana'arka ce, ka yage su. Ya zauna kwana biyu yana warewa, ya kwashi waɗanda suka tsira daga sunan ya kai kasuwa, ya cire musu bango da hannunsa, ya auna wa masu tsire. Ni ma ya aiko mini da nawa kason. Da na ɗauko takarda zan ƙunshe wa wani direba ƙosai, sai na ga rubutun biron Yaya a gefe, ƙanana-ƙanana, inda ya riƙa sa ma'anar kalmomi da Hausa. Na ƙunshe na miƙa. Me zan yi?

Saura buhu bakwai. Su ba a yagawa, ba a zubarwa, ba mai karɓa. Kowa a garin nan ya san abin da ake yi wa takarda mai sunan Allah in ta rasa wurin zama: ƙonewa ake yi, a binne tokar inda ƙafa ba ta takawa. Shi ma ya sani. Sai ya riƙa zuwa yana buɗe ɗakin, ya tsaya, ya rufe, ya ce akwai wani mutum da zai gani gobe.

Rana ta goma sha ɗaya aka yi ruwa tun azahar kamar da bakin ƙwarya. Ɗakina ya ɗauki zafi da warin jiƙaƙƙun kaya, tsohuwar na tari kamar ƙirjinta zai tsage, yara biyu sun fara zazzaɓi. Sauran na rakuɓe a ƙarƙashin rumfar girki, feshi na dukansu, don ciki babu wurin miƙe ƙafa. Asiya kuwa don kunya sai ba ni haƙuri take yi kamar ita ta yi laifi. Cikin wannan hali Yaya ya shigo, ya jiƙe sharkaf, ya wuce kai tsaye ya duba ko ruwa ya taɓa buhunansa.

Nan na fashe. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce shekara shida na ɗauke masa kaya ko na gode ban nema ba. Na ce jinin Baba na kwance a ƙasa kamar kaji, takarda na kan katako. Na ce, “Duk karatun nan da ka yi, Hausa da Turanci da Fillanci, babu inda aka rubuta maka cewa 'yar'uwarka ta fi takarda?”

Asiya ta kama hannuna tana cewa, “Yaya Talatu, don Allah.” Na fizge.

Ruwa na ɗiga daga hularsa. Ya ce, “An rubuta.” Ya ɗan tsaya, ya ce, “Gobe da safe.”

Da safe ya zo da adaidaita. Bai ce in bi shi ba, ni ma ban tambaye shi ba, na dai ɗauki mayafina da galan ɗin kalanzir na shiga. Muka fita bayan gari, wajen gulbi, inda babu gona. Da ya ga kalanzir sai ya girgiza kai.

“Ba shara ba ce, Talatu.”

Ya je ya samo busasshen kara a wata bukka, ya haƙa rami, ya yi alwala, ya hura wuta. Na ɗauka zai juye buhu ne a gama. Ina! Ɗaya-ɗaya ya riƙa ɗaukowa. Ya buɗe, ya duba, wani ya karanta layi biyu, ya rufe, ya ɗora a wuta da hannu biyu. Littattafan sun sha danshin damina, ba sa ci da sauri, sai hayaƙi. Littafi rufe ashe ba ya ƙonewa, gefensa kawai ke baƙi, sai an sa sanda an buɗa cikinsa. Ni na riƙe sandar. Ni da na shekara talatin a bakin wuta, ban taɓa jin hayaƙin da ya ci mini ido irin na ranar ba.

Da ya ɗauko ƙamus ɗin nan mara bango, na riƙe masa hannu. Na ce, “Wannan dai ka bar shi. Guda ɗaya ai ko a ƙarƙashin matashi ya kwana.”

Ya ce, “Akwai sunan a ciki.”

“Na sani. Ajiyewa na ce ka yi.”

“In na ɗauki ɗaya, wanne zan ce wa shi ne bai isa ba?” Ya zare hannunsa ya ɗora.

Tun hantsi muke, sai da aka kira la'asar muka gama. Ya mayar da ƙasa ya rufe tokar, ya daddanna da tafin hannu. Da muka iso shi ya kwashe bulo da katakon, shi ya share ɗakin, shi ya ɗauko tabarmar tsohuwar ya shimfiɗa mata. Ta yi ta sa masa albarka, yana cewa amin.

Kwana goma sha tara suka yi a ɗakin. Rana ta ashirin Muktar ya bugo waya: gari ya lafa, mutane na komawa, gero ya nuna, shi kaɗai ba zai iya ba. Asiya ta fara ɗaure kaya. Na ce ba inda za ta. Na ce hanya ba kyau, na ce tsohuwa ba ta warke ba, na ce yara su gama shan magani. Duk gaskiya ne, amma ba shi ne a raina ba. A raina cewa nake, kwana goma sha tara? Buhu bakwai saboda kwana goma sha tara? Ta ce, “Yaya Talatu, in ba mu girbe ba me za mu ci?” Na raka su tasha, na ƙunsa musu ƙosai, mota ta tashi.

Na dawo na tsaya a ƙofar ɗakin. Wayam. Sai shatin bulo a ƙasa.

Sai da na kwana uku kafin na iya zuwa rumfarsa. Na tarar da shi yana aiki, yatsa na gudu a kan shafi, bakinsa ba ya motsi. Mai sunan ya jefa a buhu, mara sunan ya yage. Masu tsire yanzu yabonsa suke yi, wai ya daina ɓata musu lokaci. Buhun nan in ya cika, bayan gari yake kai shi.

Na tsuguna. Ni da ban iya ba da haƙuri ba, na rasa ta inda zan fara. Na ce, “Yaya, sun tafi. Ɗakin na nan ba kowa. Ka kawo wannan buhun, ka sake jera bulonka. Ba zan ƙara cewa komai ba, wallahi.”

Bai ɗago ba. Ya juya shafi.

Na ce, “Magana nake yi maka.”

Ya ce, “Ki bar shi a share, Talatu. Kada ki naɗe tabarmar. Za su dawo.”

Na ce, “Haba Yaya, wane irin fata ne wannan?”

Ya ce, “Ba fata ba ne.” Ya ɗauko wata takardar.

Wata bakwai ke nan. Tabarmar na nan a shimfiɗe, kullum ina share ɗakin. Bayan kowace salla ina roƙon Allah ya zaunar da Asiya lafiya a ɗakin mijinta, ya sa maganar Yaya ta faɗi ƙasa banza, kuma har zuciyata nake roƙon. Amma wani lokaci in na ji mota ta tsaya a ƙofar gida, sai in kama kaina ina fatan su ne, da ƙullin kayansu da tukunyarsu. Allah ya yafe mini.